Allura guda da ta kusa cinye mini ƙafa

Salamu alaikum. Wata takwas ke nan kun daina jina a nan. Na ce muku na tahi kai albasa Abijan. Ƙarya na yi, ina kwance likita, wato asibiti.

Kun san ni. Daga dako a kasuwar Madawa na kai ga mallakar kamiyo biyu, manyan motocin kaya, babu wanda ya ɗaga ni sai Allah. Wanga girman kan ne ya kusa kashe ni.

Bayan na faɗo daga saman lodi, wani mai magani a kasuwa ya fara yi mini allurar kashe zafi. Baya ya warke, ni ban iya bari ba. Na koyi yi ma kaina a cinya. Amma in shiga farmasi inda kowa ya san ni, in riƙa sayen allura? Ina! Guda na aje, ina ɗauraye ta da ruwan zafin shayi.

Cinya ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Ina ɓoye ta cikin babbar riga har masassara ta kada ni gaban ma'auna.

A likitar mishan, dokta ya danna wurin, yac ce: "Alhaji, za mu tsaga mu kwashe mugunya. In kwana uku zafin jiki bai sauka ba, ƙafar za ta tahi."

Uwargidana ta riƙe ƙarfen gado. "Baban Hadiza, mi ka yi ma kanka?"



Kowace safiya a auna zafi, a ɗebi jini, a buɗe ciwon a wanke ina cizon rawani. Kwana ɗaya, bai sauka ba. Kwana biyu, bai sauka ba. Na dinga kallon yatsuna biyar kamar masu sallama.

Rana ta uku ya sauka.

Da za a sallame ni, wata anfirmiya mai jinyarmu, Kirista, Madam Hannatu, ta aje mini sabbin allurai da kwalin zuba tsofaffi. Na husata. "Ke, ɗan ƙwaya kika ɗauke ni?"

Tac ce: "Alhaji, ban ce za ka bari yau ba. Dokta zai rage maka maganin a hankali. Kafin nan, kowace allura sau guda. Ƙafa guda munka ceto, ba mu da ta canji."

Na karɓa. Shi ya sa na riƙa komawa wurinsu, har na rabu da abin.

Na gode ma Allah, da Madam Hannatu, da uwar ɗiyana.

Kai da ke cikin halin da na hito: ruwan zafi bai wanke allura. Kada ka maimaita, kada ka ara. In kunya ta hana ka shiga farmasi, kira ni, ni zan shiga.