Sunan Kawu a Allon Shago

Ko zan manta da yunwar da aka sha a Tamale a farkon shekarun tamanin, ba zan manta da wata Alhamis da motar kamfani ta tsaya a ƙofar shagona ba. Yau kaina duk furfura, amma in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Legas ba, cikin baƙin da aka koro daga can. Ban dawo da komai ba sai rediyo da ɗan Turanci da girman kai. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni. Yana da 'yan shanu a Gumani, ragowar da fari ya bar masa, kuma shi ne ladanin masallacinmu a Moshi Zongo tun ban san dama da hagu ba. Da ya gaji da ganina ina zaman kashe wando, sai ya ce in nemo sana'a, zai sayar da shanu ya kafa ni.

Ni kuwa na fi ƙarfin tireda irin ta kowa. Wakilcin kamfani nake so, wanda za ka ajiye kuɗi, su riƙa sauke maka kaya, su kafa maka allo mai tambarinsu. A zamanin da ko sabulu sai an bi layi, mai irin wannan shago ai ya haye. Na je har Kumasi na karɓo takardun kamfani uku, na zauna gaban Kawu ina karanta masa, don shi ajami kaɗai ya iya. Da yake bai yarda da sidi, kuɗin ƙasarmu, ba, kullum darajarta zubewa take, sai na riƙa juya masa farashin da shanu. Na fetur da kananzir, ko garken duka aka kaɗa kasuwa ba zai isa ba, ga kuma tankin da za a binne. Na siminti shanu tara, amma sai kana da sito da mota. Na lemon kwalba shanu huɗu kacal, har da fentin shago kyauta.

A shafi na biyu na takardar lemon akwai sharaɗi. Kamfanin yana yin giya, kuma dole wakili ya karɓe ta tare da lemon. Na gani da idona. Da na iso wurin sai na yi tari, na tsallake. A raina na ce zan riƙa tura ta a ɓoye ga wani mai mashaya a cikin gari, ba mai ji ba mai gani. Kawu ya tambaye ni ko iyakar abin da ke ciki ke nan, na ce iyakarsa ke nan. Ya sayar da shanu huɗu, na sa hannu. Don in ƙara faranta masa, na sa aka rubuta sunansa a allon, har da Ladan a gaba.

Motar ta iso daidai ana fitowa daga sallar la'asar. Na ruga na roƙi direba ya zagaya ta baya, alhali lungunmu ko amalanke da ƙyar take wucewa.

Ya ce, "Massa, mota ba ya shiga nan. Takarda ya ce lemo da biya, kai ka sa hannu. Ni sauke kawai na sani."

Haka aka jera akwatunan giyar a ƙarƙashin sunan Kawu. Ba sai mutum ya iya karatu ba, kowa ya san kwalbar. Na ji wani mahauci yana cewa ashe ladan ya samo wa mutane abin buɗa-baki, wasu suka ƙunshe dariya.

Kawu ya ratso mutane da carbi a hannu. Ya dubi akwatunan, ya dubi allon, sannan ya ce, "Ɗana, wannan yana cikin takardar da ka karanta mini?"

Na so in ɗora wa kamfani, bakina ya ƙi. Na ce yana ciki.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa direba ya kwashe kayansa duka, har lemon. Direba ya ce to kuɗin ajiya sun tafi ke nan, Kawu ya ce ya ji. Ya shiga gida ya ɗauko kwalbar kananzir ɗin da ya yi kwana biyu a layi kafin ya samu, ya taka benci, ya fara goge sunansa da tsumma. Na miƙa hannu in karɓa, ya hana ni.

"Shanu huɗu ka ce mini," in ji shi. "Ba ka ce har da wannan ba."

Da magariba ya sa wani ya kira salla. Dattawa suka yi ta ba shi baki cewa ba laifinsa ba ne, ya ƙi. Wata uku cur ina kwance ina jin muryar wani da asuba, na kuwa san ni na jawo.

Tun daga nan na gane cewa in mutum ya ba ka takarda ka karanta masa, idonsa ya ba ka amana. Kuma duk abin da aka ce mini yana da araha, kafin in yi murna sai na tambayi wanda zai biya cikon.