Matar da ke Shayar da Dutse

A hanyar Kajiji, inda duwatsun marmara suka bazu, Mode ɗan kabu-kabu yana zaune kan mashin, ƙafa ɗaya bisa dutse, yana kallon fasinjar da ya ɗauko daga tashar Shagari. Doguwa ce, ta manyanta, ta kifa malfa a kan hijabi. Tana durƙushe, hancinta ya kusa taɓa dutse, tana leƙen wani tabo fari-fari ta ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyanta.

Da farko Mode ya ɗauka zinari take nema. Yanzu ya fi zaton malamar jami'a ce da 'ya'yanta suka gaji da hana ta yawon rana.

"Hajiya, mi kika biɗa ga ƙyasbin dutse?"

"Tsiro ne, ɗana, rai gare shi," in ji ta. "Wanda na gani a Danchadi gefensa a nannaɗe yake, wannan kuwa a shimfiɗe. In ba iri ɗaya ba ne, to ba a taɓa raɗa masa suna ba. Gara in bayyana kamanninsa a rubuce kafin masu fasa dutse su iso."

Ta huda ledar ruwanta ta ƙarshe, ta ɗiga masa. Sannu a hankali tabon ya yi kore, ita kuwa ta kece da dariya har da tafi, kamar an yi mata albishirin jika.

Mode ya dubi ƙasa, ya ga irin tabon ƙarƙashin silifas ɗinsa. Ya yi wuf ya ɗage ƙafa.

"Yi haƙuri," ya ce wa tabon. "Wallahi ban san da kowa ba."