Gidan Bulon da Haraji Ya Raba Mu da Shi

Lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori ni ƙaramar matar aure ce a Talata Mafara. Maigidana mahauci ne, gadon gidansu ke nan, kuma a shekarun nan nama ba ya kwana a teburinsa. Leburori da direbobin manyan motoci sun cika gari, kowa na neman tsire da balangu. Mu kuwa ɗaki guda muke zaune a gidan yayansa, ni da shi da jaririyarmu, kwallayena a jibge har kusa da azara.

Akwai wani magini mutumin Bakura da ke sayen fili a bayan gari, ya gina ɗan gida na bulo, ya rufa kwano, ya sayar. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci maigidana ya ce in yafa gyale in zo in ga wani abu. Ashe ɗaya daga gidajen maginin nan ne, ɗaki biyu da kicin da rijiya a tsakar gida. Na tuna na tuɓe takalmi don kawai in taka daɓen simintin nan, sanyinsa ya ratsa ni har ka. Suka yi ciniki a gabana, suka daidaita.

A makon nan ne rediyo ya fara maganar za a haɗe harajin da ake karɓa a kan kayan sayarwa ya koma guda ɗaya. Yayan maigidana ya saurara sosai, ya kira ƙanensa zaure. Ina tankaɗe a bayan zana, ina jinsu.

"Kak ka yi gaggawa," in ji yaya. "Abin da aka karɓa wuri uku in ya koma wuri guda, ai sauƙi za a samu. Ka bari sai bayan Sallah, gidan ga zai sauko."

Da maginin ya ji, har gida ya tako. Ya ce, "Sarkin fawa, ka saye yanzu. Simintin ga da tsohon kuɗi na saye shi. Ban san mi gobe za ta zo da shi ba."

Maigidana ya ɗauka dabarar mai sayarwa ce. Ya tambaye ni ra'ayina, na ce ni dai ina son gidan. Ya yi dariya ya ce gida ba ya gudu. Kuɗin da ya tara sai ya zuba su a shanu, ya bar su kiwo wajen wani Bafulatani abokinsa a Faru.

Da sabon harajin ya zo, sai ga shi ya haɗa da kayan da a da ba a taɓa su ba: kwano, siminti, katako, fenti, har ƙusa. Mai shago ya ƙara nasa a kai, mai mota ma ya ƙara. Bayan Sallah muka sayar da shanun, an ci riba kuwa, amma maginin ya ce ko ya so ba zai iya ba mu a kuɗin da ba, don da abin da ya karɓa zai sayi kayan gida na gaba. Ga kuma mutanen wajen Maradun da ruwan dam ya ci gonakinsu suna shigowa neman wurin zama. Ɗaya daga cikinsu ya sayi gidan. Ban ji haushinsa ba, ya fi mu rashi. Amma ranar da na ji labarin ban iya cin tuwo ba.

Muka sayi wani tsohon gidan ƙasa kusa da mahauta. Maigidana ya ce ƙasa dai ba a sa mata haraji ba, za mu riƙa gyarawa a hankali. Ashe nan ma ba mu tsira ba. Kowace damina sai an yi yaɓe, indararo ya tsage, ƙyaure ya ruɓe, kuma duk abin da za ka taɓa a shago ya tashi. Maigidana yakan sayo fallen kwano biyu ko uku ya jingine a bayan ɗaki, kafin su cika wata lalura ta taso a sayar. Da ƙyar aka rufe ɗakina da kwano. Nasa ya zauna da rufin ƙasa, in an yi ruwa mai yawa mu jera kwanonin abinci suna tarar yoyo.

Daga baya aikin dam ya ƙare, baƙi suka watse, ciniki ya koma irin na da. Mai yanka sa a rana ya dawo yanka akuya.

Ban taɓa jin ya ɗora wa yayansa laifi ba, ni ma ban taɓa yi masa gori ba. Sau ɗaya ne, muna kwashe ƙasar da ta zubo daga rufinsa, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Ke kin faɗi gaskiya ran nan." Na ce masa haka Allah ya tsara, muka ci gaba da shara.

Ya rasu a cikin damina, a ɗakina muka yi jinyarsa don nasa na zuba. Ɗanmu na biyu ne ya rufe sauran gidan da kwano, bayan ya fara koyarwa a makarantar firamare ta Birnin Tudu. Ranar da kafintoci suka gama na dafa musu shinkafa da wake, suka ci suka tafi, na zauna a bakin ƙofa na yi ta kuka har yara suka tsorata.