Kiwon da Gwamnati Ta Ba Ni

Ina sauka daga motar Yamai a Filinge na sheƙa gida da takardata, har takalmina ya tsinke!

An ce sai da lisans, wato digiri, ta kimiyya za a ba ni shaidar kare mutane daga hasken injin hoton ƙashi. Na koma lakkwal karatu da furfurata, shekara uku. Jiya na samu shaidar!

Baba, wanda ya sa ni karatu shekarar da fari ya cinye shanunsa, ya juya takardar ya ce, "Ɗiyata, aikin mi ke nan?"

"Tsare mutane daga hasken da ido ba ya gani, Baba."

"Ashe aljannu gwamnati ta ba ki kiwo!"

Har maƙwabta ya kira su gani. Ku fa, yaya iyayenku suka fahimci aikinku?