Kwamfutar Yaya Ba Ta Barci

Da Baba ya rasu, kaset-kaset na karatunsa suka rabu gida uku: wasu a wurina a Yendi, wasu a wurin ƙanenmu a Bawku, mafi yawa kuma a Salaga, hannun Yaya, babban wanmu. Kowa ya juye nasa a kwamfuta. Ni dai addu'ar da Baba yake rufe tafsiri da ita nake so in sake ji, ita kuwa tana Salaga.

Ƙanenmu ya haɗa mana rukuni wanda kwamfuta ke magana da kwamfuta kai tsaye, babu wata uwar kwamfuta a tsakiya. Shiga ba wuya. Ka buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ka rubuta kalmar shiga da sunan rukunin, shi ke nan. Ni da shi muka shiga rana ɗaya. Yaya ya ƙi.

Na hau mota har Salaga. Yaya, wanda ko ruwan alwala ba a zuba wa kowa kafin shi, ya dubi allon ya ce, "To wa ne babba a ciki?"

Na ce, "Yaya, babu babba. Kowa daidai yake."

"Ni da auta daidai? Kai, wannan abu bai da tarbiyya."

Dariya ta kusa kashe ni, amma na haɗiye, don mai nema ba ya fushi, ba ya kuma dariya. Na ce masa abu ɗaya ne: karatun yana samuwa ne muddin kwamfutar wani tana kunne. In kowa ya kashe tasa, an rufe gida.

Ya sake duban allon. Zauren Baba ba a taɓa rufe shi ba, mu duka mun san haka.

Ya jawo kujera, ya yi bisimilla, ya rubuta umarnin da yatsa ɗaya, ya hana ni taimaka masa. Sunayenmu uku suka jeru a allon, nasa a ƙasa. Ya harare shi.

Yanzu ya sayi sola saboda ɗaukewar wuta, kuma kaiton jikan da ya taɓa masa wayar kwamfutar. Duk lokacin da na shiga daga Yendi ina samun sa a ciki, kuma hakan yana yi mini daɗi ƙwarai. Ranar da na fara jin addu'ar, na kira shi ina kuka. Ya ce, "Kukan me? Ai ƙofa a buɗe take."