Sikelin Gwaggo Ige

Duk wanda ya san Gwaggo Ige a Gangara ya san ba ta kunna wuta sai ta auna kara. Tun da aka kawo mata murhun nan na ƙarfe, wanda ke dafa abinci ya bar maka gawayi, tsohon sikelin mijinta bai sake hutawa ba. Ta auna karan gero, ta yi girki, ta kashe garwashi da yashi, ta auna gawayin, ta ja layi a bango. Ni ɗiyar ƙanenta na sha wuya kam!

Duk saboda tsamiyar da marigayi mijinta ya dasa a ƙofar gida. Itace ya yi wuya, ɗanta Bawa ya matsa a sare ta. Gwaggo ta rantse kara kaɗai zai riƙe gidan.

Ranar da ma'aikacin da ya kawo murhun ya zo daga garin Isa da littafinsa, ya ce a tafasa ruwa a gwada, kallonsa ta yi.

"Ruwan zahi aka ci garinku? Tuwo za mu yi."

Ta tuƙa tukunya biyu, ɗaya a murhun duwatsu, ɗaya a sabon, ta sa bawan Allah ya ci duka don ya shaida. Da ƙyar ya hau babur.

Maƙwabciyarmu Tumba ta shigo ɗiban wuta, tana sauri.

"Tsaya in auna."

"Haba Ige! Garwashi guda?"

"Shi na za ya ɓata min awo!"

Kafin ta gama, garwashin ya mutu. Tumba ta yi sati ba ta gaishe mu ba.

Wata safiya Bawa ya fito da gatari. Gwaggo ta ja shi gaban bangon nan da ya cika da layuka, ta nuna masa buhunan gawayi a zaure.

"Ɗana, in waɗanga sunka ƙare, ka sare."

Ba su ƙare ba. Da ta rasu, da gawayinta muka dafa abincin sadaka, a inuwar tsamiyar aka karɓi gaisuwa. Na ga Bawa ya jingina da ita yana share hawaye, ni ma na kasa daurewa. Wallahi ina kewar faɗanta.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta. Ranar awo, ya sa mizaninta ya yi nauyi.