Rigar Yaya da koramar Challawa

Tun ina aiki a wata masaƙa a Bompai, farkon shekarun tamanin, nake jin wai akwai wata korama a Challawa da take rina kaya kyauta. Na ce ƙaryar 'yan kamfani ce.

Wata Lahadi cikin bazara na kwashi iyali muka tafi can shan iska, da kwanon dambu da mangwaro. Don a san maigida ya fito, na ari farar babbar rigar yayana, wadda ko shi sai Juma'a yake saka ta.

Mun shimfiɗa tabarma ke nan iska ta ɗauke ɗankwalin uwargida. Na bi shi da gudu, santsi ya kwashe ni, sai ga ni tsamo-tsamo cikin koramar. Ashe ruwan rinin masaƙu ne yake bi ta nan. Na fito shuɗi har gemu.

Da yamma na kai wa Yaya rigarsa. Ya ɗaga ta ya daɗe yana dubawa.

"Ina ka kai ta rini?"

"Challawa, Yaya."

"To, ina wandon? Wa zai sa riga shuɗiya da farin wando? Koma da shi!"

Akwai wanda ya tuna koramar nan a cikinku?

Ni dai wadda ta ba ni labarinta na ƙarshe ita ce Rabi, matar ɗana, makon jiya. Ta ce wai wani baƙauye ne ya taɓa faɗawa ciki. Hajiya uwargidana, mai ɗankwalin nan, tana gefe, dariya har da hawaye.